Gumaka 17,000 a Rami Ɗaya

A ƙarshen shekarar 1903, wani Bafaranshe mai suna Georges Legrain yana kula da aikin gyaran haikalin Karnak, wato katafaren gidan bautar nan da ke Luksor a kudancin Masar, sai leburorinsa suka faɗa kan wani tsohon rami a farfajiyar ƙofa ta bakwai. Da aka fara tono, sai mutum-mutumi suka riƙa fitowa daga cikin laka, wani kan wani. Ruwa na ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ana kwashe shi da jigo, ana ci gaba da lalube. Sai a 1907 aka dakata, domin ruwan ya fi ƙarfin masu tonon. Abin da aka fitar ya haura mutum-mutumin dutse 700, sannan ga na tagulla kimanin 17,000.

Na dutsen sun yi sa'a. An ba su lamba, an ɗauki hotonsu, an buga littattafai a kansu, kuma akasarinsu suna gidajen tarihin Masar. Na tagullar kuwa, waɗanda mafi yawansu ƙananan siffofin gunkin da ake kira Osiris ne, tsatsa ta riga ta cinye da dama, kuma ba a tsaya an rubuta su ɗaya bayan ɗaya ba. Yau kaɗan ne daga cikinsu za a iya nunawa da yatsa a ce wannan daga ramin Karnak ya fito.

Halin da ƙananan gumakan ƙarfe na Masar suke ciki ke nan a duniya. Da wuya ka shiga babban gidan tarihi a Landan, Faris, Balin ko Niyok ba ka tarar da su jere a akwatin gilashi ba, wasu tsawon ɗan yatsa, wasu tsawon kamu ɗaya. Masu yawon buɗe ido kan wuce su da sauri, hankalinsu na kan akwatunan gawar fir'aunoni. Alhali idan ana neman labarin mutanen da ba sarakuna ba, a jikin waɗannan ƙanana aka fi samunsa.

Mai karatu na iya cewa, me ya haɗa mu da gumaka? Addinin da aka ƙera su dominsa ya daɗe da mutuwa. Rubutu na ƙarshe da aka sani da tsohon harafin zane na Masar an yi shi ne a tsibirin Filae a shekarar 394 Miladiyya, kuma a ƙarni na shida aka rufe haikalin wurin. Abin da ya rage a hannunmu shaida ce ta yadda wata al'umma ta yi ƙira, ta yi ciniki, ta ji tsoro, ta sa rai. Duk wanda ya tashi da jin ƙissar Annabi Musa (AS) ya san labarin ɗan maraƙin da aka ƙera daga narkakken kayan ado. Ganin waɗannan siffofi yana sa mutum ya gane irin ƙasar da masu wannan labari suka baro.

Naman zinariya, ƙashin azurfa

Misirawan dauri sun yi imani cewa naman jikin allolinsu zinariya ne, ƙasusuwansu azurfa, gashinsu kuma wani shuɗin dutse mai tsada da ake kawowa tun daga tsaunukan Afganistan. Saboda haka babban gunkin kowane haikali, wanda ke zaune a ƙuryar ɗaki mai duhu, da ƙarfe mai daraja ake yinsa. Kullum safiya mai hidima zai buɗe ƙofar, ya wanke shi, ya sauya masa tufafi, ya yi masa turare, ya ajiye masa abinci. Talaka ba ya shiga wannan ɗaki. Iyakarsa ya ga kwalekwalen da ake ɗauko gunkin a ciki ranar biki.

Irin waɗannan manyan gumaka kusan babu wanda ya tsira, kuma dalilin a fili yake: zinariya ba ta kwana a hannun mai nasara a yaƙi ko ɓarawo, narka ta ake yi. Ɗan abin da ya kuɓuta ya isa ya nuna mana yadda sauran suke. A gidan tarihin Metropolitan na Niyok akwai siffar Amun ta zinariya zalla, tsawonta santimita 17.5, nauyinta ya kusa kilo ɗaya, an ƙera ta tsakanin shekarun 945 zuwa 712 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ta fito ne daga tarin kayan Lord Carnarvon, Baturen da ya ɗauki nauyin tonon kabarin Tutankhamun, ta isa Niyok a 1926. A Louvre ta Faris kuma akwai wani ɗan abin wuya mai tsawon santimita 9 kacal, ɗauke da Osiris a tsugune kan ginshiƙin shuɗin dutse, Isis da Horus na tsaye a gefensa, da sunan Sarki Osorkon na Biyu a jiki.

Ƙirar mutum-mutumin ƙarfe ta girmi waɗannan nesa ba kusa ba. A tonon da aka yi a Hierakonpolis a 1897 zuwa 1898, an samo siffar Sarki Pepi na Ɗaya mai tsayin cikakken mutum, wadda aka yi da fallayen jan ƙarfe da aka bubbuga aka haɗa da ƙusoshi, wajen shekara ta 2300 kafin Miladiyya. Sai dai a wancan zamani ƙarfe kayan sarki ne da haikali. Sai da aka shiga shekaru dubu na ƙarshe kafin Miladiyya, musamman daga lokacin da sarautar garin Sais ta sake haɗe kan ƙasar, sannan tagulla ta yawaita har mutum mai matsakaicin hali ya iya sayen gunki ya kai haikali da sunansa.

Kakin zuma da yumɓu

A Hausa muna raba maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, da maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla. Masu waɗannan gumaka maƙeran fari ne, kuma zubi suke yi, ba bugu ba. Maƙeri zai fara sassaƙa siffar da kakin zuma, har da gashin ido da zanen tufafi. Sai ya lulluɓe ta da yumɓu mai laushi, ya ƙara mai kauri a kai, ya bar 'yar kafa. Idan ya bushe sai a gasa, kakin ya narke ya zube, ya bar gurbinsa a ciki. Nan ake ɗura narkakkiyar tagulla. Idan ta huce, dole a fasa yumɓun kafin a ga abin da aka samu. Ke nan kowane mazubi sau ɗaya yake aiki. Wannan dabara ce dai maƙeran Ife da Binin suka shahara da ita ƙarnuka da yawa bayan haka.

Idan siffar babba ce, ba a cika ta da ƙarfe, don tsada da nauyi. Akan yi mata ciki na yumɓu, a shafa kaki a kai, a soke 'yan ƙusoshi su riƙe cikin kada ya motsa idan kakin ya narke. Har yau ana ganin wuraren ƙusoshin a jikin wasu.

Tagulla haɗi ce ta jan ƙarfe da kuza. Jan ƙarfe na zuwa daga Sinai da hamadar gabas da tsibirin Kubrus, kuza kuwa daga nesa ake sayo ta. Wani jirgin ruwa da ya nitse a Uluburun, gaɓar Turkiyya ta yau, wajen 1300 kafin Miladiyya, an same shi da tan 10 na jan ƙarfe da tan 1 na kuza, wato daidai ma'aunin da ake haɗa tagulla mai kyau. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085, don haka ana buƙatar iska mai ƙarfi. A bangon kabarin Rekhmire, wazirin Fir'auna Thutmose na Uku, an zana ma'aikata suna taka zugazugan fata da ƙafa suna jan igiya da hannu, wasu na ɗauke da tukunyar narkakken ƙarfe za su zuba ƙyauren haikalin Amun. A zamanin baya maƙera suka riƙa ƙara dalma da yawa a haɗin, saboda tana da araha kuma tana sa ƙarfen ya gudana ya shiga kowane lungu.

A 1969 wani masani Bajamushe, Elmar Edel, ya samo kayan aikin wata maƙera a cikin wani kabari a Kubbatul Hawa, daura da Aswan. Akwai mazuban yumɓu da ba a taɓa fasawa ba. Da aka leƙa cikinsu da na'urar sikanin a Jamus shekaru da yawa bayan haka, sai aka ga ɗaya an shirya shi ne don zuba ƙananan Osiris fiye da talatin a lokaci guda, dukkansu a jere kamar 'ya'yan dabino a zangarniya. Wannan ya nuna cewa sana'ar ta kai matsayin ƙira don kasuwa: akwai mai tsada da aka yi wa ado da zinariya da azurfa, akwai kuma na yayi wanda kowa zai iya saye.

Wane ɗan wane

Wa ke sayen su, kuma don me? Amsar tana a gindin siffar. Da yawa suna da ɗan gajeren rubutu mai tsari ɗaya: sunan gunkin, roƙon ya ba da rai da lafiya da tsawon kwana, sunan mai bayarwa, sunan ubansa, sau da yawa har da sunan uwarsa. Mutum zai saya ko ya sa a ƙera masa, ya miƙa wa ma'aikatan haikali, su ajiye a kusa da wurin bauta, ya zama yana nan ko da ya koma gida. Wasu rubuce-rubucen ma da harshen Girka ne, ko na Finikiya, ko na Kariya, abin da ke nuna cewa sojojin haya da fataken da suka zauna a Masar su ma sun shiga layi.

Kowane gunki da alamarsa. Osiris, mai mulkin matattu a imaninsu, yana tsaye a naɗe kamar gawa, riƙe da sandar makiyayi da bulala, kuma shi ya fi kowa yawa. Isis na zaune tana shayar da ɗanta Horus. Yaron shi kaɗai akan yi shi da tukku a gefen kai da yatsa a baki. A wurin Misirawa wannan alamar ƙuruciya ce kawai, amma Girkawa da Rumawa suka ɗauka cewa yana nufin a yi shiru, suka mai da shi gunkin riƙe sirri. Akwai bijimin Apis da faifan rana tsakanin ƙahonninsa, akwai Thoth mai kan jinjimi, akwai Bastet mai siffar kyanwa. Herodotus, marubucin Girka na ƙarni na biyar kafin Miladiyya, ya ba da labarin bikin Bastet a garin Bubastis, kusa da Zagazig ta yau, inda ya ce an gaya masa mutum 700,000 ke taruwa.

A cikin jerin akwai wanda asalinsa mutum ne. Imhotep babban jami'i ne a fadar Sarki Djoser wajen 2650 kafin Miladiyya, kuma shi ake danganta wa ginin dala mai hawa shida ta Sakkara. Bayan kimanin shekara dubu biyu da mutuwarsa sai aka mai da shi abin bauta, marasa lafiya na neman waraka a wurinsa. Siffarsa ta tagulla ba ta da ƙaho ko kambi: mutum ne a zaune, da naɗaɗɗiyar takarda a buɗe kan cinyarsa.

Ƙarnukan da wannan al'ada ta bunƙasa ba na kwanciyar hankali ba ne. Assuriyawa sun washe birnin Thebes a 663, Farisawa sun ci ƙasar a 525, Iskandar na Makidoniya ya shigo a 332 kafin Miladiyya. Sarauta na sauya hannu, amma masu kai tagulla haikali ba su fasa ba, har wuri ya riƙa cika. Da yake abin da aka keɓe wa gunki ba a jefar da shi a juji, sai ma'aikatan haikalin su haƙa rami a cikin harabar su binne, wani lokaci bayan sun naɗe siffofin da ƙyallen lilin. Ramin Karnak irin wannan ne. Har yanzu ana samun irinsa: a watan Mayun 2022 hukumomin Masar suka sanar da gano siffofin tagulla 150 a Sakkara, ciki har da ta Imhotep wadda babu kai.

Yadda suka bar gida

Tun a 1835 Muhammad Ali Pasha ya kafa dokar hana fitar da kayan tarihi daga Masar, amma dokar ta fi ƙarfi a takarda. A 1850 Louvre ta aiko Auguste Mariette ya sayo tsofaffin littattafan Kibɗawa, sai ya ɓige da tono a Sakkara, ya gano maƙabartar bijiman Apis, ya aika dubban kaya Faris. Shi ne kuma a 1858 aka naɗa shugaban hukumar kula da kayan tarihin Masar. Daga baya aka shigo da tsarin raba ganima: Turawa su yi tono, gidan tarihin Alƙahira ya zaɓi nasa, sauran a ba masu tonon, su kuma su rarraba wa waɗanda suka ba su kuɗi. Ta haka kayan rami ɗaya kan watsu a garuruwa goma. Hatta gidan tarihin Alƙahira a wancan zamani yana da ɗakin sayar da kayan da ake ganin akwai irinsu da yawa, kuma ƙananan gumakan tagulla na cikin waɗanda suka fi dacewa da wannan suna.

Ga kuma kasuwar bayan fage. Ɗan gunkin tagulla yana shiga aljihu, ba ya fashewa, kuma baƙo na son tsaraba. Manomi ya tsinta ko ya tono, dillali ya saya, ya goge, ya ɗora shi kan sabon katako, ya faɗi duk garin da ya ga zai ƙara masa kuɗi. Don a gane yadda aka raina irin waɗannan wurare a lokacin, a 1890 an sauke busassun gawarwakin kyanwoyi kimanin 180,000 daga yankin Beni Hasan a tashar Libaful ta Ingila, aka yi gwanjonsu a matsayin takin gona. Sai a 1983, da doka mai lamba 117, Masar ta haramta cinikin kayan tarihi ɗungurungum, ta mai da duk abin da aka tono mallakar ƙasa.

Abin da na'ura ke gani

Mafi shahara a cikin dangin nan ita ce kyanwar Gayer-Anderson da ke Gidan Tarihin Birtaniya. Tsayinta santimita 42, da 'yan kunne da zoben hanci na zinariya, an ƙera ta wajen 600 kafin Miladiyya. Manjo Robert Gayer-Anderson, wani likitan sojan Ingila da ya zauna a Alƙahira, shi ya ba da ita kyauta a 1939. Da aka ɗauki hoton cikinta da irin na'urar da ake duba ƙashi a asibiti, sai aka ga tsaga ta kusa zagaye jikinta, kuma gyaran da aka yi mata daga ciki a ƙarni na ashirin ne ke riƙe da kan. Launin kore mai sheƙi da mutane ke sha'awa shi ma na baya ne. Sabuwar tagulla launin zuma take da shi, koren da muke gani a jikin sauran tsatsar shekaru ce. Wurin da aka samo kyanwar kuwa, hasashe ne kawai ake yi cewa Sakkara ce.

A 2023 masana na wannan gidan tarihi suka haska wasu ƙananan akwatunan tagulla guda shida da ba a taɓa buɗewa ba, masu siffar ƙadangare da maciji a sama, da hasken niyutiron. A cikin wasu aka ga ƙasusuwan ƙadangare da guntayen ƙyalle. Na'ura na iya faɗa maka yawan kuza da dalmar da ke jikin siffa, da inda ƙusa ta shiga, da abin da ke ɓoye a ciki. Abin da ba za ta iya dawo da shi ba shi ne ramin da siffar ta kwanta, da abin da ke gefenta, da zurfin ƙasar da ta rufe ta.

Gurbin da babu komai

Mu masu rubuta manhaja mun san cewa bayani ba ya da amfani idan an yanke shi daga abin da yake nuni gare shi. Lambar waya ba tare da sunan mai ita ba tarin alƙaluma ce kawai. Yawancin manyan gidajen tarihi yanzu sun ɗora rumbun bayanansu a intanet, Metropolitan ma tun 2017 ta saki hotunan dubban kayanta kyauta ga kowa. Mai karatu na iya buɗewa a wayarsa ya nemo gumakan tagulla na Masar. Zai ga gurbin tsayi a cike, na nauyi a cike, sunan attajirin da ya ba da kyauta da shekarar da ya bayar duk a cike. Gurbin wurin da aka samo kayan shi ne sau da yawa za a tarar an rubuta Masar kawai, ko a ce an ce daga wuri kaza. Ba tare da wannan ba, sanin shekarun siffar kan koma kintace, har a ba ta tazarar shekara ɗari uku ko fiye.

Rajista ba ƙawa ba ce. A daren 28 ga Janairun 2011, lokacin juyin juya halin Masar, ɓarayi sun shiga gidan tarihin da ke dandalin Tahrir. Saboda akwai rumbun bayanai da hotuna, hukuma ta iya fitar da jerin kaya 54 da suka ɓace, da yawansu ƙananan gumakan tagulla, kuma an dawo da wasu. A 2023 kuma Gidan Tarihin Birtaniya ya amsa cewa kimanin kaya 2,000 sun ɓace ko an sace ko sun lalace a ma'ajiyarsa, da yawa daga ciki ba a yi musu cikakkiyar rajista ba. Wanda bai san abin da ke rumbunsa ba, ba zai san ranar da ɓera ya shiga ba. Wannan darasi ya shafi kowane gidan tarihi, har da namu, musamman yanzu da kayan Binin suka fara dawowa gida.

Akwai masu ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. Cibiyar Faransa ta nazarin kayan tarihi da ke Alƙahira, tare da hukumar Masar, ta tattara abin da aka sani game da ramin Karnak a rumbun bayanai guda, ta ɗora a intanet a 2009, tana bin tsofaffin hotunan Legrain da rajistocin gidan tarihi don gano inda kowane yanki ya tafi. Aiki ne mai cin rai, na gwada lamba da lamba, hoto da hoto, kuma ga yawancin na tagullar an makara.

Muhawarar ko a mayar wa Masar kayanta ta fi karkata kan manya irin su Dutsen Rosetta da ke Landan da kan Nefertiti da ke Balin. Ƙananan gumakan tagulla ba su da mai yi musu zanga-zanga, ga su kuma da yawan da ba za a taɓa tattara su wuri ɗaya ba. Abin da za a iya yi musu shi ne a ɗauki hoton kowanne ta kowace fuska, a karanta rubutun gindinsa, a bayyana ta hannun wa ya bi kafin ya iso inda yake, a kuma buɗe bayanan ga ɗalibin Asyut da na Zariya kamar yadda aka buɗe wa na Oksfod. Misirawan dauri sun ɗauka cewa mutum bai gama mutuwa ba matuƙar ana ambaton sunansa, shi ya sa suka biya maƙeri ya rubuta nasu da na iyayensu a kan ƙarfe. A katin da ke gaban gilashi, sunan wanda ya sayi siffar a ƙarni na sha tara ne ya fi fitowa. Na wanda ya fara biyan kuɗinta yana nan a ƙasa, kusa da ƙafa, ga duk wanda ya sunkuya ya duba.